Tsohon da Aka Hana Ba da Haƙuri

Gong Chunbae ya shekara talatin da ɗaya yana raba ruwa a ƙauyen Dolgae, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Kada a ɗauka sanyin hali ne kawai. Taurin kansa irin na shiru-shiru ne, zai saurare ka har ka gaji, ya sunkuyar da kai ya ce ka yi haƙuri, sannan ya je ya yi abin da ya yi niyya tun farko. Matarsa Bokrye takan ce ko kujera ya yi tuntuɓe da ita sai ya tsaya ya ba ta haƙuri.

Aikin nasa ba abin a zo a gani ba ne ga wanda bai san shinkafa ba. Madatsar ruwa ce a saman ƙauye, da ƙofar ƙarfe guda ɗaya, da magudana mai gangarowa ta ratsa gonaki arba'in da shida. Ana buɗe ƙofar da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai nauyi, wanda ake zura bakinsa a murɗa, kowa hannu yake ce masa. Idan lokacin dashe ya zo, ruwa yakan bi layi ne daga sama zuwa ƙasa, gona bayan gona, ta ƙarshe ba ta ganin ɗigo sai rana ta uku. Wannan gona ta ƙarshe kuwa ta Jin Gapsu ce, mutumin da bai taɓa ganin Chunbae ya ƙyale shi ya wuce lafiya ba. Chunbae ya girme shi da shekara ɗaya cif, amma Gapsu bai taɓa buɗe baki ya ce masa Yaya ba.

"Gwamnan ruwa!" haka yake ƙwala masa kira daga kan kunya. "Yau ma talakawanka na ƙasa ƙura za mu dasa?"

"Ka yi haƙuri, jibi ne naka," in ji Chunbae, ya wuce abinsa a kan keke.

A Dolgae aka haife shi. Ya yi aikin soja kamar kowa, ya yi shekara biyu yana walda a wajen ƙera jiragen ruwa can kudu, sai bayan mahaifinsa ya ƙage, aka aika ya dawo. Ya dawo bai sake fita ba. Ya auri Bokrye daga ƙauyen da ke bayan dutse, suka haifi 'ya ɗaya, Miran, wadda ke aikin jinya a birni. Ƙofar ruwan ta cinye masa kan ɗan yatsa guda a shekararsa ta biyu da karɓar aikin, bai kuma taɓa riƙe ta da abin ba. Ya san muryar ruwan nan fiye da muryar 'yarsa a waya. Daga ɗakinsa yakan ji ƙarar ta sauya, ya aje cokali ya ce ciyawa ta toshe wajen gonar su wane, a je a tarar haka ne.

Hannun ba ya kwana a bakin ƙofa. Kullum Chunbae zai ɗaure shi a bayan keke ya je da shi, ya dawo da shi. In an gama girbi, ya rufe ƙofar rufewar shekara, sai ya goge shi da yashi, ya shafe shi da giris, ya naɗe shi a tsohon bargo, ya jingine shi a ɗakin ajiya kusa da tulunan kimchi, kabejin nan da ake jiƙawa da yaji, har ƙanƙara ta narke. Ba mai tambayar dalili. Yawancin mutane sun ɗauka haka aka halicci abin.

Sai aka wayi gari gwamnati ta karɓi madatsar daga hannun ƙungiyar manoma. Wasu ma'aikata suka zo da gwangwanin fenti, suka bi komai suna rubuta masa lamba, ƙofa, tsani, allon gargaɗi, har da hannun, don ranar yana maƙale a wurin, Chunbae na ƙasa yana cire ciyawa. Suka kafa kyamara a kan sanda suka tafi. Ba wanda ya ce wa tsohon uffan, shi ma bai tambaya ba. A shekarar kuwa ɓarayin ƙarfe sun addabi gundumar, har murafen ramukan titi ba su bari ba. Da wani sabon ma'aikaci ya zo duba kaya a tsakiyar sanyi bai ga hannu ba, sai ya koma ya kunna hoton kyamara. Ga tsoho nan ɓaro-ɓaro, ya kunce kayan gwamnati, ya ɗaure a keke, ya yi gaba. Ma'aikacin bai tsaya tambayar kowa a ƙauyen ba, ya rubuta rahoto.

Ranar da aka kira shi caji ofis, Chunbae ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki, ya rungumi hannun a cikin bargonsa ya hau bas. Ɗan sandan da ya karɓe shi tsaran Miran ne, idanunsa jajur saboda gajiya, ga takardu jibge a gabansa. Tausayinsa ya kama tsohon.

"Baba, kai ne a hoton nan?"

"Ni ne."

"Kai ka ɗauke shi?"

"Ni na ɗauke. Ga shi ma na kawo."

"Ka nemi izinin ofis?"

Izini? Sai Chunbae ya ga ashe duk wannan wahala, da rahoto, da kiran waya, da wannan bawan Allah da bai ci abincin rana ba, shi ne sanadi. Ya miƙe tsaye, ya haɗa ƙafafu, ya sunkuya har kansa ya kusa taɓa tebur.

"Laifina ne. Ku yi haƙuri, na wahalar da ku."

A wajenmu wannan magana gaisuwa ce. Mai shago yakan faɗa in ruwan sama ya jiƙa ka a hanyar shagonsa. Amma ɗan sanda ya buga ta a na'ura yadda aka faɗe ta, Chunbae ya dangwala jar tawada a ƙasa, har yana godiya da aka miƙo masa takardar goge yatsa.

Abin haushi bai tsaya nan ba. Da takardar kotu ta zo, mai unguwa, wanda ya taɓa raka ƙaninsa shari'ar haɗarin mota, ya zo da shawara irin ta masu sanin rabin abu. Ya ce ba a jayayya da alƙali, takardar nadama ake rubutawa, kowa haka yake yi, in alƙali ya ga mutum ya risina sai ya sassauta. Chunbae ya zauna a ƙasa, ya ja ƙaramin teburin cin abinci, ya cika shafi huɗu da kyakkyawan rubutunsa na mutanen da. Zaman kotun bai kai minti goma ba. Alƙali ya yaba da nadamarsa, ya ce an same shi da laifin satar kayan gwamnati, amma saboda shekarunsa tara ce kawai, won dubu ɗari uku a kuɗinmu. Chunbae ya sunkuya ya yi godiya. Ya fito yana jin an yi masa adalci, har ya tsaya ya sayi kifi a kasuwa.

Bokrye ce ta karanta takardar hukuncin, da tabarau a kan hanci, tana bin layi da yatsa. Da ta zo kan kalmar sai ta tsaya.

"Baban Miran, me ka je ka ce musu?"

"Haƙuri na ba su. Ai an gama, a biya a huta."

"A huta? Zo ka ga abin da aka rubuta. Sata! Kai ɗin nan da in ka tsinci allura sai ka bi gida-gida? Shekara arba'in da bakwai ina wanke maka safa, ashe ɓarawo nake aure ban sani ba!"

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba. Kai ka rage taka, ga inda ta kai mu."

Washegari mai unguwa ya dawo, yana ta susar ƙeya. A dokar ƙungiyar manoma, wadda gwamnati ta bar musu ikon zaɓen mai raba ruwa, an rubuta cewa wanda kotu ta kama da sata ba ya riƙe hannu. Ba wanda ya taɓa tunanin layin nan zai hau kan wani, balle Chunbae. Mai unguwa ya ce ba yadda zai yi, ya ba da haƙuri, Chunbae ma ya ba shi haƙuri, suka yi ta sunkuya wa juna a tsakar gida har Bokrye ta watso ruwan wanke-wanke kusa da ƙafafunsu.

Sai a lokacin abin ya shige shi. Tarar ba ta dame shi ba. Amma a ce ƙanƙara ta narke, a ce kwaɗi sun fara kuka, wani ne zai murɗa ƙofar nan, shi kuma yana gida da sunan ɓarawo, wannan ya hana shi cin kifin da ya sayo. Kwana bakwai doka ta ba shi ya ɗaukaka ƙara. Ya ɓata biyar yana cewa ba kyau a ce alƙali ya yi kuskure, mutum ne mai ilimi. A rana ta shida Bokrye ta ɗauko kwat ɗin ta jefa masa a cinya, ta ce bas na tashi ƙarfe takwas, ko ya shiga da ƙafarsa ko ta kira Miran ta baro marasa lafiya ta zo ta sa shi.

Kotu ta ba shi lauya kyauta, wata mace mai suna Nam, ta haura hamsin, gajera, mai furfura a gaba, ba ta da lokacin dogon gaisuwa. 'Yar birni ce, ta faɗa da bakinta cewa ba ta taɓa taka gonar shinkafa ba. Ta karanta shafi huɗun nan a gabansu tana girgiza kai.

"Baba, wa ya ce ka rubuta wannan?"

"Mai unguwa."

"A gaishe shi. Ka ga, ɗauka daban, sata daban. Kafin a ce mutum ya yi sata, sai ya ɗauki abu da niyyar ya zama nasa. Ka yi niyyar sayar da ƙarfen nan?"

"Sayarwa? Da me za a buɗe ruwa?"

"To me ya sa ka rubuta sau tara cewa ka yi babban laifi? Na ƙirga."

"Na ga na ɗaga wa mutane hankali ne. Ki yi haƙuri, ke ma ga shi na..."

Ta buga tafin hannu a tebur. "Yauwa, ga ciwon nan! Baba, saurare ni. Daga yau har a gama shari'ar nan na hana ka ba kowa haƙuri. Ko alƙali, ko masinja, ko ni. In ka taka ƙafar mutum a bas, ka dube shi ka yi shiru."

Bokrye ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba. "Lauya, ai gara ki ce ya daina numfashi."

Shari'a ba ta san lokacin dashe ba. Damina ta zo ta same su suna jira. Tsohon hannun yana kulle a ɗakin shaidun kotu, ofis ya kawo sabo, aka ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo a jikin ƙofar. Wani ma'aikaci yakan zo a mota ƙarfe tara ya buɗe, ƙarfe biyar ya rufe, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba. Ba mugu ba ne, agogo aka ba shi. Gonakin sama suka cika har suna ambaliya, na ƙasa suka tsage. Chunbae ya daina bin hanyar magudana, yana zagayawa ta bayan makaranta in zai je gonarsa. Amma kunne ba shi da ƙofa. Yana zaune yana jin inda ta toshe, ya kasa cewa komai, abinci ya dinga dawowa a kwano. A watannin nan ya rame har wandonsa sai da Bokrye ta rage masa ƙugu. Gapsu ma da suka yi kiciɓis a bakin shagon taki, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya dubi fuskar mutumin, ya tofar da yawu gefe ya wuce.

Lauya Nam ta zo ƙauyen sau ɗaya, da takalmi mai tsini, ta nutse a laka har idon sawu. Ta ga ɗakin ajiya, ta ga inda giris ya yi tabo a bango shekara da shekaru, ta ɗauki hoto. Sannan ta zauna ta sha ruwan sha'ir ta yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi.

"Tabo a bango ba ya magana. Wa ya ce ka dinga kawo shi gida? Yaushe aka fara?"

Chunbae ya ce a shekarar babban fari ne. An wayi gari an ga wani ya buɗe ƙofa a ɓoye, ruwan kwana huɗu ya zurare. Aka yi taro a zauren ƙauye, aka yanke cewa daga ranar hannu zai dinga kwana a gidan mai raba ruwa. Ba a rubuta ba, wa ke rubutu a lokacin?

"Cikin waɗanda suka zauna taron, wa ya rage?"

Bokrye ta ƙirga da yatsu, wannan ya mutu, wancan ya mutu, wancan yana gidan tsofaffi bai san ko sunansa ba. "Saura mutum ɗaya," ta ce. "Gapsu."

"Ban da shi," in ji Chunbae.

"Baba, shi kaɗai ne shaidarka."

"Na ce ban da shi." Karo na farko ke nan da Bokrye ta ji ya katse wa baƙo magana. Suka yi juyin duniya ya faɗi dalili, ya ƙi.

Bokrye ba ta zauna ba. Ta ɗauki takardar roƙo da kwalin jar tawada ta bi gidaje, tsofaffi suna dangwala mata yatsa, kowa na cewa Chunbae ba ɓarawo ba ne. Ta bar gidan Gapsu a ƙarshe. Ta same shi yana shanya barkono a tsakar gida, ta yi masa bayani a tsaitsaye, har da maganar taron da yadda mijinta ya hana a kira shi. Gapsu ya daɗe yana juya barkono da ƙafa.

"Shi ya ce ban da ni?"

"Shi ya ce. Dangwala ka ba ni wuri."

"Ba na dangwale."

Ta fito tana zaginsa har bakin titi, ta ce ruwan da ya sha shekara talatin ya fito masa ta hanci. Ba ta san cewa tana fita ya shiga ɗaki ya nemi lambar lauya a wajen mai unguwa ba.

An zauna ɗaukaka ƙarar bayan girbi, a babbar kotun birni, gaban alƙalai uku. Chunbae na zaune a benci a waje yana murza hularsa, sai ga Gapsu ya ɓullo daga matakala, cikin kwat mai warin maganin asu, an yi aski. Chunbae ya miƙe zumbur.

"Me ya kawo ka?"

"Bas," in ji Gapsu.

"Koma gida. Ba sai ka..."

"Ka taɓa ba ni umarni na bi?"

Lauya Nam ta yi masa tambayoyi kaɗan. Ya faɗi shekarar, ya faɗi waɗanda suka zauna, da wanda ya kawo shawarar, da inda kowa ya zauna a zauren. Sai mai gabatar da ƙara ya miƙe, mutum mai ladabi da sanyin murya. Ya ce abin mamaki ne dattijo ya tuna taron shekara talatin dalla-dalla haka, alhali ba takarda. Ko dai zumuncin ƙauye ne ya sa aka haɗa labarin?

"Zumunci?" Gapsu ya yi wata 'yar dariya. "Tambayi duk Dolgae in na taɓa yi wa mutumin nan kallon arziki."

"To ta yaya ka tuna?"

Chunbae ya ɗago kai yana girgiza masa shi a hankali. Gapsu bai ko dube shi ba.

"Saboda ni na buɗe ƙofar. Ni ne ɓarawon da aka yi taron dominsa. Shinkafata tana mutuwa, matata na da ciki, na je da asuba na murɗa. Da zan gudu takalmina na roba ya maƙale a laka, na bar shi. Da rana ina zaune a taro, wannan mutumin ya miƙe ya ce bai ga alamar kowa ba, a dai bar shi ya dinga tafiya da hannun gida. Bayan kwana biyu na tarar da takalmin a bakin ƙofata, an wanke shi." Ya yi kaki. "Shekara talatin ina jiran ya goranta mini, ya ƙi. Shi ya sa nake jin haushinsa. Ranka ya daɗe, in ɓarawo kuke nema a ƙofar nan, ga ni. Yayana bai taɓa satar ko ɗigo ba."

Bokrye, wadda ta kwana da mutumin nan shekara arba'in da bakwai ba ta taɓa jin zancen takalmi ba, ta toshe baki da gyalenta. Chunbae kuwa kunya ce ta rufe shi, kamar shi aka tona. Ya ɓoye maganar ne don kada a taɓa jin ta, ga shi saboda shi mai ita ya zo ya faɗe ta a gaban hukuma da rabin ƙauye.

Alƙalin tsakiya ya ce wanda ake ƙara yana da magana ta ƙarshe. Chunbae ya miƙe. Ƙafafunsa suka haɗu da kansu, wuyansa ya fara sunkuyawa, kalmar ta taho har bakin leɓe, don ga alƙalai uku ya hana su aikinsu, ga Gapsu ya zubar da mutuncinsa. Lauya Nam ta yi gyaran murya mai ƙarfi. Ya tsaya a rabin sunkuyo. Ya ga in ya ce laifinsa ne yanzu, ya mayar da abin da Gapsu ya yi banza. Sai ya miƙe sosai, abin da ya yi masa wuya fiye da ɗaga buhun shinkafa.

"Ban yi sata ba," ya ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai ya sake. "Ban yi sata ba. Ajiya aka ba ni, na ajiye."

Ya zauna gumi na bin bayansa. Lauya Nam ta rubuta wani abu a gefen takardarta ta turo masa. Ya duba, ta rubuta: madalla.

Hukunci ya fito ana tsakiyar sanyi. Kotu ta rushe na farko, ta ce babu niyyar mallaka, kuma ban haƙurin dattijo ga wanda ya wahalar ba amsa laifi ba ne. Mai gabatar da ƙara bai ja ba. Bayan wata guda ofis ya aiko da tsohon hannun, da lambar fentinsa, da takarda mai hatimi cewa yana ajiye a hannun Gong Chunbae. Ma'aikacin da ya rubuta rahoton ne ya kawo da kansa, ya sunkuya yana ba da haƙuri, kunnuwansa jajur. Chunbae ya kama shi ya zaunar, Bokrye ta cika masa kwano da miyar waken suya tana harararsa, ta kuma ƙara masa da ya cinye.

Daga nan tsohon ya shiga rabon godiya, ya ɗauke ta aiki kamar rabon ruwa. Ya bi duk gidan da aka dangwala yatsa. Ya hau bas ya kai wa Lauya Nam man riɗi kwalba biyu da takalmin roba na shiga gona, ta ce man ba za ta karɓa ba, takalmin kuwa ta gwada a ofis ya yi mata daidai, ta ce yanzu ta ɗage masa dokar, ya ba wanda ya ga dama haƙuri. Ita kuwa Bokrye, ya rasa abin da zai ce mata, sai ya wanke kwanuka kwana uku a jere, har ta ce ya bari kafin ya ƙarar mata da su.

Gapsu ne ya gagare shi. Tun ranar kotu mutumin ya daina zuwa zauren ƙauye. Ba wanda ya zage shi, amma ana ganinsa sai hira ta sauya, wasu tsofaffin mata kuma suna tuna shinkafar da suka rasa a shekarar farin. Sau biyu Chunbae yana zuwa ƙofar gidansa da kwalbar giyar shinkafa, sau biyu ana ce masa ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ɗaki. Abin ya tsaya wa Chunbae a rai. Ya san bashin da ba a biya da baki ne, kuma abu ɗaya da Gapsu ke so a duniya, wato ruwa kafin rana ta uku, ba shi da ikon ba shi. Layi layi ne, in ya karya shi don godiya, ya zama abin da kotu ta ce shi ba shi ba ne.

Ranar buɗe ruwa ta zo. Chunbae, wanda aka mayar wa aikinsa, ya murɗa ƙofar da safe, ya tsaya ya ji ƙarar ta daidaita, hawaye na zubo masa bai share ba. Sannan maimakon ya hau keke, sai ya naɗe wando ya shiga magudanar da lauje da shebur. Shekara guda ba a kula da ita ba, ciyawa da laka sun cinye rabinta. Ya dinga tafiya a gaban ruwan yana share masa hanya, gona bayan gona, kowa na samun rabonsa cif ba ragi, sai dai ruwan ba ya tsayawa jiran komai. Ya yini a ciki. Washegari ya koma tun da sassafe, bayansa na ciwo, tafin hannunsa ya fashe. Yana da shekara saba'in da biyar, ga Bokrye na biye da shi a kan kunya da abinci tana masifa.

Rana ta biyu, kafin rana ta faɗi, ruwa ya shiga gonar ƙarshe. Ba a taɓa ganin haka a Dolgae ba. Gapsu na tsugune a bakin gonarsa yana gyaran kunya, bai sa rai da komai ba sai gobe, ya ji sanyi a yatsun ƙafarsa. Ya duba ƙasa, ya ɗago. Ga Chunbae tsaye a cikin magudana, laka har gwiwa, yana haki, ya dogara da shebur.

Ruwan na ta malala cikin busasshiyar ƙasa.

"Wa ka zalunta ka kawo mini?" in ji Gapsu.

"Ba kowa. Kowa ya sha nasa."

"To tsayuwar me kake yi? Fito kafin ka mutu mini a gona a ce ni ne."

Chunbae ya yi yunƙurin hawowa, ƙafafun suka ƙi. Ya sake, suka ƙi. Gapsu ya yi tsaki, ya aje fartanyarsa, ya sauko cikin lakar ya kama shi ta hammata. Da ƙyar suka fito tare, suka zube a kan kunya suna numfashi.

"Gapsu," in ji Chunbae, "na gode."

Gapsu ya juya fuska wajen ruwan, ya ja hanci da ƙarfi. Ya ɗaga murya ya kira Bokrye, ya ce in da sauran abinci a kwandon nan ta kawo, su biyu ne.